Ranar da Aka Yanka Kajin Salihatu

Tun daga zaure Salihatu ta san ba lafiya ba, domin gidan ya yi wani irin shiru da bai saba yi ba.

Kullum in ta dawo daga unguwa, kafin ta rufe baki da sallama kajinta sun yo kanta a guje, suna ture juna, suna tsattsagar bakin zanenta. Yau ko ɗaya ba ta fito ba. Sai ƙaurin gashin kaza da aka babbake, da ƙamshin mai a kan wuta.

Ta dire manyan kulolin abincin da mahaifiyarta ta aike ta arowa tun da sassafe a gidan gwaggonta can ƙarshen gari, ta nufi bayan ɗaki da sauri, mayafinta yana jan ƙasa.

Ƙofar akurkin a wangame take. An share cikinsa tas har an yayyafa ruwa. Babu kaskon ruwa, babu kwandunan kwanci, babu buhun dusa. Kaji talatin da huɗu ta watsa wa tsaba da hannunta da safen nan, ban da 'yan tsaki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ta juya tana neman wanda za ta tambaya.

A gindin famfo ta hango Maman Faith, maƙwabciyarsu 'yar Rijau, wadda ita ma take kiwon kaji har suna miƙa wa juna ƙwai da magani ta kan katanga. Tana zaune a kujera 'yar tsugunne da babbar roba a gabanta, ta ƙi ɗago kai.

"Maman Faith, me ya faru? Cuta ce ta shigo? Ai ko cuta ba ta kwashe kaji cikin awa uku!"

"Ba cuta ba ce, Sali." Matar ta ɗago a hankali. "Kina fita Hajiyarku ta kira mai kaji na kasuwa. Da keji ya zo a bayan mashin, sawu biyu ya yi. Waɗannan shida ta ce a yanka saboda baƙi. Wallahi na roƙe ta, na ce ko masu kwancin a bar min in ajiye miki a gidana. Ta ce in ba zan taya ta aiki ba, in koma inda na fito."

Salihatu ta leƙa cikin robar. An fige su, an cire kawunansu, amma duk da haka ta gane shi. Akwai lanƙwasasshen yatsa a ƙafarsa ta hagu.

Jan zakaran Jabir ne.

Shekara biyu ke nan da Jabir ya kawo mata shi da kaji uku a cikin kwando, daga ƙauyensu da ke bayan Tungan Magajiya. Ya yi karatun aikin gona, amma da ya gama bai nemi aikin ofis ba, ya koma gonar mahaifinsa yana kiwon zabbi da kaji. Daga waɗannan huɗun garkenta ya taso. Sau biyu manyansa suna aiko da maganar aure, sau biyu Hajiya Fure, mahaifiyarta, tana sa a ce su dakata. Mahaifinta Alhaji Ɗanmalam kuwa, ɗan kasuwar hatsi ne da ya fi zama a kan hanya fiye da gida, ya ce ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma kuma ba zai ba da ita uwarta tana kuka ba.

Salihatu ba ta san lokacin da ta isa kicin ba.

Hajiya Fure tana yanka kabeji da karas a faranti, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kin kawo kulolin? Ki ɗauraye su, shinkafar ta kusa."

"Mama, kajina."

"Na sallame su."

"Kin... sallame su?"

"Hajiya Inno ce za ta zo yau daga Abuja, ita da ɗanta Tanimu. Kin san abin da zai kawo su, ba yau na fara gaya miki ba. Mutanen da suka saba da gidan bene, so kike su fara taka kashin kaji tun daga zaure?"

"Da kin gaya min, Mama, da na kulle su. Akwai masu kwanci biyar, saura kwana uku su ƙyanƙyashe. Kwana uku kawai!"

Sai a lokacin Hajiya ta ajiye wuƙar ta dube ta.

"Ba kulle su nake so a yi ba, so nake ki daina ganinsu. Duk safiyar Allah kina tsugunne a bayan ɗakin nan kina musu magana. Kina tsammani ban sani ba? Ba da kaji kike magana ba, da wancan yaron kike magana."

Hawaye suka wanke wa Salihatu fuska.

"Me Jabir ya yi miki, Mama? Ki gaya min laifinsa ko guda ɗaya."

"Bai min komai ba. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa cewa ba shi da shi ba. Amma inda yake zaune ba wurin zaman 'yata ba ne. Ban sha wahala kika yi karatu kika zama malamar makaranta don ki je ki ƙare a surfen dawa da jan guga ba. Je ki wanke fuskarki, ki sa leshin nan mai ruwan zuma."

A ɗaki Salihatu ta kira lambar Jabir sau uku. A kashe take. Yau kwana huɗu ke nan ba ta same shi ba. Da ma takan ce rashin sabis ne na ƙauye, amma yau sai ta ji kamar kowa ya haɗa baki ya bar ta ita kaɗai.

Bayan azahar wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Hajiya Inno ce ta fara shigowa, mace mai jiki da yawan fara'a, tana ta "Fure! Fure!" tun daga zaure kamar suna yara. Tanimu yana biye da ita, dogo ne mai farin gilashi, ba shi da yawan magana. Ya durƙusa ya gaida Hajiya Fure, ita kuwa baki har kunne, sai "Allah ya yi albarka" take jerawa.

Salihatu ta shigo da abinci idanunta a kumbure. Ta durƙusa ta gaishe su, ta jera kuloli a kan ledar cin abinci: soyayyiyar shinkafa da koren wake, haɗin kabeji, da naman kaza da aka soya ya yi jawur.

Hajiya Inno ta buɗe kula ta farko, murmushinta ya ragu. Ta buɗe ta biyu, sai ta saki murfin.

"Haba Fure! Shinkafa kuma? Tun daga Abuja nake haɗiyar yawu, ina ce wa Tanimu yau zan ci tuwon jar dawa da miyar karkashi, wadda ta ji daddawa da busasshen kifin Yawuri, a malala man shanu a kai. Irin wanda Innarki take mana a Zugurma muna yara."

Fuskar Hajiya Fure ta sauya da jin sunan garin. Ta yi 'yar dariyar yaƙe.

"Ai na ce ku mutanen birni ne yanzu, kada in ba ku abincin ƙauye."

"Wane birni! Abin da ya ishe mu ke nan." Ta ɗauki cinyar kaza ta gatsa, ta tsaya, ta zaro ido. "La'ilaha illallahu! Wannan ai kazar gida ce! Wa ya soye kazar gida ta ƙandare haka? Farfesu take so, da citta da kimba da masoro, ta dahu a hankali har ƙashin ya yi daɗin tauna. Na fi shekara rabona da irinta. Mu can sai kajin ƙanƙara, ka tauna kamar kana cin auduga."

Salihatu ta sunkuyar da kai. Ba ta iya kallon farantin ba.

Tanimu ya gyara gilashinsa ya ce, "Mama, in babu damuwa, in mun gama ina so Salihatu ta nuna min akurkinta. Hajiyata ta ce tana da kajin da babu irinsu a unguwar nan, wai ko lokacin da cuta ta share na mutane nata ba su mutu ba."

Hajiya Fure ta yi saurin cewa, "Af, 'yan kajin nan? Ai na wasa ne, na ƙuruciya. Mun rabu da su."

Cokalin Tanimu ya tsaya a iska.

"Kun rabu da su?"

"Duka. Ka ga wadda za ta zauna a Abuja me za ta yi da kaji?"

Tanimu ya dubi mahaifiyarsa, mahaifiyarsa ta dube shi. Ya ce mata:

"Hajiya, ba ki gaya mata ba?"

"Na ɗauka ta sani! Na ɗauka shi ya sa ta yi murna."

"In san me?" in ji Hajiya Fure. "Inno, me ake ɓoye min?"

Tanimu ya ajiye cokalin a hankali.

"Mama, na ajiye aiki wata biyu da suka wuce. Na bar Abuja."

"Ka... ka yi me?"

"Shekara tara na yi a can. In fita gari bai waye ba, in yi awa biyu a cunkoson motoci, in dawo ban san sunan maƙwabcina ba. Ina da shekara talatin da uku likita ya ce hawan jini ya kama ni. Gonar Baba tana nan a bayan Zugurma, tun rasuwarsa babu wanda ya taɓa ta. Na sa an gina ɗaki biyu, an haƙa rijiya. Kajin gida da zabbi zan kiwata. 'Yan mata biyu na gaya wa haka a Abuja, ɗaya ta yi min dariya, ɗaya ta daina ɗaukar wayata. Sai Hajiya ta ce akwai 'yar ƙawarta a Kontagora da ta fi son akurki a kan kanti. Shi ya sa muka zo."

Hajiya Fure ta juya wajen ƙawarta. Ɗankwalinta ya zame baya ba ta ma sani ba.

"Inno, wasa yake yi ko?"

"Wasa? Ni ma binsa zan yi. Na gaji da hawa bene, gwiwoyina sun ƙare."

"Kin ce min yana Abuja!"

"Na ce miki yana Abuja, ban ce miki a can za a binne shi ba."

"Zugurma?" Hajiya Fure ta dafe ƙirji. "Bayan Zugurma? Nan za ku kai min 'ya?"

Salihatu ita ma ta daskare a inda take durƙushe. Mutumin da aka share mata akurki dominsa, ashe akurkin ya zo gani. Ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Tanimu ya juyo wajenta, ya sassauta murya.

"Salihatu, da yardarki aka rabu da su?"

Ta yi ƙoƙarin amsawa, kuka ya ƙwace mata. Ta miƙe ta fice da gudu.

Baƙin ba su kai la'asar ba. Abincin ko rabi ba a ci ba. Hajiya Inno ta fita tana tafa hannu tana salati, Hajiya Fure ko zaure ba ta raka ta ba. Tanimu ne ya tsaya a tsakar gida inda Salihatu take jingine da bango, ya ce, "Na ga alama akwai abin da ban sani ba a gidan nan. Amma maganata tana nan, Salihatu. Ba na gaggawa."

Ba ta ɗago ba har ta ji tashin motarsu.

Ta daɗe a tsaye kafin ta koma falo. Ta tarar da mahaifiyarta zaune a ƙasa a gaban kulolin, ta miƙe ƙafafu, hawaye yana bin kumatunta. Tun da Salihatu ta yi wayo ba ta taɓa ganin hawayen matar nan ba.

"Mama..."

"Zauna." Ta nuna mata gefenta. "Kina ganin mugunta nake miki ko? Kina cewa uwar nan tawa ba ta da imani."

"Ban ce ba, Mama."

"Kin ce a zuciyarki." Ta share ido da gefen zane. "Ina da ƙanwa, Ruka, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban taɓa ba ki labarinta ba. Ke ce ita sak, har tsugunnon da kike yi a gaban kaji irin nata ne. Duk ƙauyenmu babu mai hannun kiwo kamarta. Da damina naƙudar fari ta kama ta, abin ya zo da gardama. Maza huɗu suka ɗauko ta a kan ƙyaure za a fito da ita titi. Muka zo rafi, ya cika ya batse. Muka zauna a bakin ruwan nan tun hantsi muna jira ya janye. Kanta yana kan cinyata. Ina hango motoci suna wucewa a ɗaya tsallaken, Salihatu, da idona ina ganinsu! Kafin la'asar ta rasu, da ita da abin da ke cikinta."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Salihatu ta riƙe hannun uwarta. "Mama, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Ranar na yi rantsuwa, duk 'yar da Allah ya ba ni ba za ta yi zaman aure a inda ruwa zai shiga tsakaninta da asibiti ba. Tun da na fito ban sake kwana a Zugurma ba. Ko tuwon jar dawa ba na iya haɗiya, shi aka tuƙa ranar, ya kwana a tukunya babu wanda ya taɓa."

"Allah ya jiƙanta, Mama. Amma ƙauyen su Jabir babu rafi. Minti ashirin ne a mashin zuwa asibiti, ya gaya miki da bakinsa."

"Ƙauye duk ƙauye ne. Ga kuma yadda hanyoyin nan suka zama yanzu, mutum ya fita hankalin 'yan gida a tashe har ya dawo."

Suna cikin haka Maman Faith ta leƙo daga ƙofa.

"Hajiya, Jabir ne a zaure. Ya ce yana neman izini ya shigo ya gaishe ki."

Hajiya ta gyara ɗankwali, sannan ta ce, "Ya shigo."

Da ya yi sallama ya ɗaga labule, sai da Salihatu ta sake kallonsa. Jabir da ta sani ɗan kaftani ne da hula, hannayensa kullum da alamar aiki. Wannan kuwa ya sa farar riga ya cusa ta a wando, ga takalmi sau-ciki, ya yi aski, ya rame. Yana riƙe da wata ambulan.

Ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaida Hajiya, sannan ya tura ambulan gabanta da hannu biyu.

"Mama, na cika sharaɗin."

"Wane sharaɗi?" in ji Salihatu.

Hajiya ta zuba wa ambulan ido kamar wani abu zai fito daga ciki.

"Jabir, wane sharaɗi?"

"Watan jiya Mama ta kira ni a waya," ya ce, kansa a ƙasa. "Ta ce in daina wahalar da tsofaffina. Ranar da na bar ƙauye na sami aiki a birni, in dawo mu yi magana."

Salihatu ta juya ta dubi mahaifiyarta. Hajiya ta kawar da kai.

"Na faɗa," ta ce a hankali. "Ban zaci zai iya ba."

"Abokina Shadrach, wanda muka yi makaranta tare, ya samo min aiki a wani kamfanin sayar da kajin ƙanƙara a Abuja. Can na je kwana huɗun nan, shi ya sa na kashe waya, na fi so sai ta tabbata. Ga takardar nan. Na kama ɗaki a Mararaba, gefen Abuja, hawa na biyu. Litinin ta sama zan fara."

Salihatu ta matso kusa da shi.

"Zabbinka fa?"

"Na sayar, ranar kasuwar Rijau."

"Duka?"

"Duka."

"Kajin?"

"Su ma."

"Gonar fa, Jabir? Gonar Babanka?"

"Na damƙa wa Kawu Mailafiya, shi da 'ya'yansa. Tunda ruwa ya sauka, jibi ya ce zai sa garma."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Ko hawaye ya ƙi zuwa.

Hajiya Fure ta buɗe ambulan, ta daɗe tana kallon takardar. Ta ninke ta, ta ja dogon numfashi.

"Yaron da zai bar gonar ubansa saboda 'yata, ba ni da abin da zan ce masa kuma. Jabir, ka gaya wa manyanka su zo ranar Juma'a, lokacin Alhaji yana gari. Na amince."

Jabir ya kifa goshinsa a ƙasa. "Alhamdulillahi! Allah ya saka da alheri, Mama, Allah ya ƙara girma!" Ya ɗago da murmushi har idanunsa sun ciko, ya juyo wajen Salihatu. "Kin ji? Shekara biyu, Salihatu, yau Allah ya..."

"Kada su zo."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa.

"Me kika ce?"

"Na ce kada su zo."

"Ke!" Hajiya ta daka mata tsawa. "Kanki ɗaya kuwa? Ba shi kike min kuka a kai ba ko awa ɗaya ba a yi ba?"

"Shi ne, Mama." Sai yanzu kukan ya zo mata, mai ƙarfi, har tana shessheƙa. "Amma wa ya tambaye ni? Ke kin yanke abin da ya dace da ni, ba ki tambaye ni ba. Shi ma ya yanke, bai tambaye ni ba. Jabir, shekara biyu ina tsaye a gidan nan ina kare ƙauyenku. An kira ni baƙauya, ƙawayena sun yi min dariya, ban damu ba. Ka nuna min inda za ka gina min akurki a gindin ɗorawa. Ka ce makarantar garinku ba ta da malama mace, ni zan zama ta farko. Na riga na nemi canjin wurin aiki, ban gaya wa kowa ba. Yanzu ka ce in bi ka ɗaki ɗaya a saman bene, in zauna ina kallon bango, kai kana loda matattun kaji a firji daga safe har dare? Kai da ko zabo ɗaya ya yi ɗingishi ba ka iya cin abinci?"

"Don ke na yi!" Muryarsa ta fashe. "Sau biyu ana maido da tsofaffina daga ƙofar gidan nan, Salihatu. Ga labari ya same ni wani ɗan Abuja zai zo. Me kike so in yi? In zauna ina kallo a ɗauke ki? Kin san yadda na ji da aka zuba zabbin nan a keji? Ban iya tsayawa ba, bayan rumfa na zagaya, namiji da ni, ina kuka a tsakiyar kasuwa. Na zaɓe ki a kansu."

"Wa ya ce ka zaɓa? Da ka kira ni, da na ce maka ka haƙura mu ƙara shekara. Ko biyu ce zan jira. Wanda na ce ina so yana can bayan Tungan Magajiya da kwandon tsaba a hannu. In ka tafi Abuja, wata shida ba za ka yi ba za ka fara kallona kana tuna abin da na raba ka da shi. Ba zan iya zama da wannan kallon ba."

Jabir ya sunkuyar da kai. Can ya ce, da wata irin murya da ba ta taɓa ji daga gare shi ba:

"To in kin ce kada su zo, ina zan koma? Babu zabbi, babu gona. Na tsaya a gaban Kawu da dattawan gari na ce na ba shi. Da wane baki zan je in ce ya dawo min da ita?"

Salihatu ta share fuska da mayafinta.

"Da nawa bakin. Gobe mu tafi tare, kafin ya sa garma. Ni zan durƙusa a gabansa in gaya masa saboda ni ka yi, kuma ban yarda ba. In ya dawo maka da ita, manyanka su zo."

"In an taso daga coci ni zan raka ki," in ji Maman Faith daga bayan labule. Ashe ba ta tafi ba.

Hajiya Fure ta miƙe tsaye.

"To ki saurare ni da kyau. Amincewar da na bayar ta Abuja ce, ba ta Tungan Magajiya ba. Bayan abin da na gaya miki yau, bayan na buɗe miki abin da na binne shekara talatin, in kika shiga motar nan gobe, na janye. Kuma wallahi ba zan sake bayarwa ba."

"Mama, don Allah..." in ji Jabir.

"Ba da kai nake ba."

Salihatu ta rarrafa ta kama ƙafafun mahaifiyarta, ta kifa kanta a kansu. Ta daɗe a haka, hawayenta yana jiƙa su.

"Ki yafe min, Mama. Na ji labarin Inna Ruka, kuma har in mutu ba zan manta ba. Amma ni ba ita ba ce. Ki yafe min."

Hajiya ta zare ƙafafunta a hankali, ta ja baya.

Salihatu ta ɗago, ta juya wajen Jabir da har yanzu yake tsugune a bakin ƙofa, bakinsa a buɗe.

"Ƙarfe sha ɗaya a tashar motocin Rijau," ta ce. "Kuma ka sako kaftaninka. Ba za ka je gaban Kawu da wannan shigar ba."